Wane irin kiɗa ne kunnenku ya ƙi? Muhawarar ƴan Maraɗi

Telan Bagalam: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, kuma na san ba kowa zai ji daɗinta ba. Ni dai waƙoƙin piyano, waɗannan na nanaye da ake haɗawa a situdiyo, kunnena ya ƙi su. Kada a ce tsufa ne, ban kai hamsin ba. Abin da ya raba ni da su shi ne kiɗan duka ɗaya ne. A jera maka waƙa bayan waƙa, gangar da ke ƙasa ba ta canza ba, muryar macen siririya ta hanci take fita, kalmomin kuma ba su wuce zuciya, ruhi, hawaye, numfashi. Yaran shagona tun safe suke sa su har la'asar, wallahi ba na gane inda wata ta ƙare wata ta soma. Kowa ya faɗi irin kiɗan da ba ya so, amma da dalili. Kada wani ya ce "haka kawai".

Ɗan Kabu-kabu: Wa alaikumus salam Yaya. Ni nanaye ba ta dame ni ba, da ita nake yini a kan babur. Wadda ba na iya ji ita ce waƙar siyasa da ta yabon masu kuɗi. Mawaƙi zai ɗauki mutum ya ɗora shi sama, shi ne ruwa shi ne inuwa, bayan wata shida an ɓata, ka ji shi da sabuwar waƙa yana kiran mutumin nan ɓarawo da amshi iri ɗaya. To wanne zan yarda da shi? Kuma lokacin zaɓe mun gani, mota ce da lasifika tana zagaya gari tun hantsi, ko kana so ko ba ka so sai ka haddace.

Hajiyar Mokoyo: Tela ka taɓo inda yake mani ƙaiƙayi. Ni kiɗan dije na biki ne ba na ƙauna. Wancan na Abijan da ake ce wa kupe-dekale, da wannan sabon na Afirka ta Kudu, amapiyano, mai dukan ƙirji. Babu magana a ciki, ihu ne da sunaye. Da can idan ana biki mata kan zauna cikin gida, a kife ƙwarya a ruwa, masu amada su yi, uwar amarya ta taso a yi mata liƙi, kowa ya san waƙar kowa ya amsa. Yanzu a tare titi da rumfa, yaro ɗan shekara ashirin ya riƙe na'ura, mu tsofaffi mu koma gefe muna kallon ƴaƴanmu suna rawar da ba ma iya ɗaga ido mu gani.

Ɗalibar Jami'a: Hajiya, da girmanki, amada ɗin ma ai ba wa'azi ba ce. Marigayiya Barmani Coge ta Funtuwa, Allah ya jiƙanta, akwai baitocinta da ba za a iya maimaita su gaban suruki ba. Ni tunda an ce a faɗi gaskiya, tsofaffin waƙoƙin fada da na dambe ne ba na iya saurare. Waƙa ta yi rabin awa ana lissafo sunayen mutanen da ban sani ba, wane ya ba ni doki, wane ya ba ni riga. Na dambe kuma ana zuga mutum ya je ya karya haƙarƙarin ɗan'uwansa. Mi zan ƙaru da shi?

Hajiyar Mokoyo: Ɗiyata, gaskiyarki kan baitocin. Amma a ina ake yin su? Cikin gida, tsakanin matan aure, ƙofa a rufe, ko yaro namiji ba ya leƙowa. Abin da aka faɗa nan ya tsaya nan. Yau abin da ya fi shi muni a bakin titi ake sa shi, jikana ɗan shekara huɗu yana bin amshin.

Baba na Tibiri: Salamu alaikum. Ɗiyata ta jami'a, ki yi haƙuri in ja maganar da tsawo. Sunayen nan da kike ji ba lissafin banza ba ne, tarihi ne. Mu nan ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi, abin da munka sani na kakanninmu da yawa daga bakin makaɗa munka ji shi, tun ba mu san lakkwal ba. Wa ya gaji wa, wa ya yi yaƙi ina, wane gari anka kafa bayan an baro Alkalawa, tsohon birnin Gobir, wa ya zo nan tare da Ɗan Kasawa, Sarkin Katsinan da ya kafa sarautar Maraɗi. Makaɗin fada shi ne ke riƙe da wannan. Narambaɗa ya zauna da Sarkin Gobir na Isa, bai yi yawon neman ubangida ba. Wannan ita ce amsar yaron nan mai kabu-kabu ma. Yabo ba sabon abu ba ne, amma na da shina da gida ɗaya, in ubangidansa ya faɗi tare suke faɗuwa. Kuma ba yabo kaɗai yake ba, shina saka habaici, shina yi wa ɗan sarkin da ya lalace zambo a gaban jama'a, sarki na ji ba ya hanawa.

Sannan kowace sana'a da kiɗanta. Kalangu na mahauta ne tun asali. Gangar noma ta gayya ce, ka ji ta ka san yau akwai aiki a gonar wane. Tambari ba a buga shi sai don sarki. Kotso da taushi na fada. Mutum na daga nesa zai gane mi ake ciki. Ni abin da ba ni so shi ne kiɗan da bai da gida, wanda za a sa wa amarya, a sa wa ɗan takara, a sa wa mai tallar magani, duk shi ɗaya.

Ɗalibar Jami'a: Na gode Baba, wannan na tarihin ban taɓa kallonsa haka ba. Amma har yanzu ina nan kan cewa in na sa su barci nake ji.

Mai Situdiyo: Ni ne mai laifin da ake magana a kansa, don da piyanon nake ci. Yaya Tela, ba ƙarya ka yi ba, kiɗan na kama da juna, kuma zan gaya maka dalili. Piyanon Yamaha da muke aiki da shi yana zuwa da salon ganga a ajiye cikinsa. Mawaƙi zai shigo da ƴan jikkunansa, yana so a gama masa yau, gobe bikin. Zai ciro waya ya sa mani waƙar Kano da ake yayi, ya ce irin wannan nake so. In na ce mu gwada wani abu daban, sai ya ce amarya ba za ta karɓa ba. Ga kuran da ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki. To sai in danna salon da na san ya karɓu, in canza sarewa, ya hau. Da zan kira mai kalangu da ƴan amshi huɗu, kowa sai an sallame shi, kuɗin waƙar ba zai kai ba.

Muryar hancin nan kuma Auto-Tune ce, manhajar da ta fito a 1997 don gyara wa mawaƙi inda ya kauce. In an murɗa ta kaɗan ba wanda zai ji ta. Mu ne muke murɗa ta har ƙarshe, saboda da yawan masu zuwa ba su taɓa yin amshi a bayan kowa ba, muryarsu ba ta tsayawa, ita ke rufa masu asiri. Amma na'urar ba ta da laifi. Mdou Moctar, ɗan ƙasar nan mai jita da yake zagaya Turai da Amurka yanzu, kundinsa na farko a Sakkwato ya yi shi a 2008 da wannan muryar ta Auto-Tune, ya bazu daga waya zuwa waya har Mali. Mai abin faɗi ko da mi ka ba shi zai faɗa.

Telan Bagalam: Ƙanena, na ji daɗi da ba ka ɓoye ba. Amma ka ga ka tabbatar da maganata. Mutumin da bai iya waƙa ba, na'ura ta tsaya masa, ni kuma a ce in saurara.

Mai Situdiyo: Yaya, kai ma in mace ta kawo maka hoton ɗinkin da ake yayi ta ce shi take so, ba ka ce mata a'a.

Telan Bagalam: Ina yi mata, amma ba na ce wa maƙwabta dole su saka.

Mushen Lakkwal: Bari in sa baki a nan, don akwai abin da kunne ke ƙi ba tare da mai kunnen ya san sunansa ba. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa tana hawa ko tana sauka. Makaɗan gargajiya kan gina waƙa a kan wannan hawa da saukar. Shi ya sa kalangu ke magana: makaɗi ya matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, ya saki ya sauka, har ka ji taken mutum ba tare da an buɗe baki ba. Ku saurari Shata, wanda ya rasu a 1999, ko Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, wanda ya rasu a 2015. Ko ba ka son su, ba kalmar da za ta ɓace maka, don waƙar tana bin maganar ne.

Nanaye ta biyo wata hanya. Finafinan Indiya sun yi shekaru da yawa a gidajen silima na ƙasar Hausa, iyayenmu sun haddace waƙoƙinsu ba tare da jin harshen ba. Da aka fara finafinan Hausa na bidiyo a Kano wajen 1990, sai aka ɗauko tsarin nan na saurayi da budurwa suna amsa wa juna, wani lokaci har da karin waƙar gaba ɗaya. Karin da aka yi wa wani harshe, in ka cusa masa Hausa, dole kalma ta lanƙwashe. Inda ya kamata ta sauka sai ta hau. Babba ya ji abin ya yi masa bambaraƙwai, yaron da ya tashi a ciki kuma bai jin komai. Ban ce duka haka suke ba. Akwai mawaƙan zamani masu kula da wannan sosai, kuma su ne waƙarsu ke daɗewa.

Ni kuwa nawa ƙin, rap ne. Na san ƙungiyoyin Yamai na farkon shekarun 2000, irin su Kaidan Gaskiya da Wass-Wong, sun yi magana kan zaman kashe wando da cin hanci da auren dole, na yaba da wannan. Amma na yanzu da ɗalibaina ke ji, gudu ne kawai, Faransanci rabi, Hausa rabi, Turancin Legas rabi, an gama ban riƙe jimla ɗaya ba.

Ɗan Kabu-kabu: Mushe, rabi uku ka lissafa fa.

Ɗalibar Jami'a: Mushe, mu muna riƙewa. Haka muke magana a tsakaninmu, harshe uku a jimla ɗaya, waƙar ta yi kama da mu. Kuma saurin baki da baƙar magana ai ba daga Amurka suka fara zuwa nan ba. Ƴan gambara fa? Baba ya faɗa mana ko ƙarya nake.

Baba na Tibiri: Ba ƙarya kike ba ɗiyata. Ƴan gambara a kasuwa sun fi waɗanga yara kaifin baki, kuma batsarsu ta fi. Mutane na ba su kuɗi ne don su yi shiru su wuce. Ko a lokacin dattawa ba su so su.

Almajirin Limanci: Assalamu alaikum. Ina karantawa tun ɗazu. Ni matsayina a bayyane yake, ba na sauraren kayan kiɗa, na da ko na yanzu. Abin da muka karanta a Risala ta Ibn Abi Zaid shi ne bai halatta mutum ya nufi sauraren kayan wasa da waƙa ba, kuma mafi yawan malaman mazhabobi a kan haka suke, sai ganga mai fuska ɗaya da aka yi rangwame a kanta ranar aure da idi. Na san akwai saɓani, Ibn Hazm bai ga haramcin ba, Imam Gazali ma ya yi bayani mai faɗi da sharuɗɗa. Ba zan zagi wanda ya bi su ba. Amma abin da ya fi ci mani rai shi ne a ɗauki yabon Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a ɗora shi kan karin waƙar soyayya ta fim. Mai saurare bakinsa na salati, zuciyarsa na tuno rawar da ya gani. Waƙa ba kiɗa kuwa ai gadonmu ce, Nana Asma'u da waƙa ta karantar da mata.

Hajiyar Mokoyo: Malam, a nan ina tare da kai rabi. Ni ina son bege, in an yi shi da murya da bandiri hawaye nake. Na piyanon ne nima bai kwanta mani ba.

Ɗan Kabu-kabu: Tunda an zo nan, ni garaya da goge na ƴan bori tsoro suke ba ni. Tun ina yaro in na ji su da dare sai in toshe kunne.

Baba na Tibiri: Da dalili, ɗana. Kowane iska da takensa, mai garaya kiransu yake ɗaya bayan ɗaya. Nan Tibiri Inna, mai sarautar mata ta fada, ita ce ke kan wannan al'amari tun da, a Maraɗi kuma Iya. Ba ni zuwa, ba ni kuma ce wa kowa ya je. Sai dai a raba goge da bori. Ɗan Gurmu na Tawa da goge ya yi suna, har gasar kiɗan zamani ta ƙasa anka sa wa sunansa. Da yawan masu goge sun aje shi ne don kunyar a ce masu ƴan bori, ɗiyansu kuma sun ƙi koyo. Wannan shina mani zafi.

Likitar Zariya: Ku yi haƙuri in kawo abin da ba a taɓo ba. Ni ba wani salo na tsana ba, ƙarar na tsana. Ina kwana wurin aiki, in dawo in ɗan runtse, sai a kafa lasifika huɗu a ƙofar gidana. A wannan lokacin ko waƙar da na fi so a duniya aka sa, maƙiyiyata ce. Kuma ba maganar jin daɗi kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya jure sauti mai ƙarfin desibel 80 na awa 40 a mako. Duk ƙarin desibel 3, lokacin rabewa yake biyu. Gaban lasifikar biki yakan kai 100 ko ya wuce, nan kuwa mintoci kaɗan ne. Ƙananan gashin da ke cikin kunne, masu karɓar sauti, in sun mutu ba sa sake tsirowa. Wannan ƙugin da kake ji a kunne bayan ka baro biki, gargaɗi ne. Abin da ya fi tayar mani da hankali, mace da goyo a baya tana rawa daf da lasifika, kan jaririn yana saitin ta. Don Allah ko ba za a rage ba, a nisanta yara.

Mai Situdiyo: Anti, wannan gaskiya ce, kuma mu ma tana cutar mu. Waƙar da na ɓata dare ina daidaitawa, dije zai ƙure ta har ta fashe, ba a jin komai sai dum dum. Amma in ya rage, ƴan biki ne ke cewa kayansa ba su da ƙarfi, gobe ba za a kira shi ba.

Telan Bagalam: Likita ta sa na tsaya na yi tunani. A filin kokowa na Kantu, lokacin gasar takobi ta ƙasa, ganga na tashi har ƙasa na motsi, ga kirari ga ƴan barkwanci cali-cali, ban taɓa jin ta dame ni ba. Amma can ni na kai kaina, na sayi tikiti. Duk da haka ban janye ba, ko a hankali aka sa mani nanaye ba na so.

Mushen Lakkwal: Ba wanda ya ce ka janye, Malam Tela. Kantun nan da ka ambata, ɗan kokowar da aka sa wa filin sunansa, shi ya ɗauki takobin farko a 1975, kuma har yau ba a yarda a yi kokowa da piyano ba. Ɗan kokowa na so makaɗi ya gan shi, ya canza bugu daidai lokacin da ya shigo fili. Na'ura ba ta ganin kowa.

Mai Situdiyo: Baba na Tibiri, tambaya gare ka. Cikin tsofaffin makaɗan da ka sani, akwai wanda zai yarda in ɗauki kiɗansa? Kalangu ko goge, ko ma gangar noma. Ba don in sayar da sunansa ba. Ina so in sami sautin gaske in riƙa aiki da shi, shi ma a ajiye nasa.

Baba na Tibiri: Akwai, ɗana, biyu ma, ɗaya idonsa ya yi rauni amma hannun na nan. Sai dai ka san sharaɗi. Ba za ya bi wannan ƙwas-ƙwas ɗin na ƙirga bugu da kuke sa wa mutum a kunne ba, shi ke ja kiɗa ya bi shi. Ba ya yi shi kaɗai, sai da ƴan amshinsa, a zaune tare, suna kallon juna. Kuma kada ka yanka bugunsa gunduwa-gunduwa ka liƙa ƙarƙashin waƙar da zai ji kunyarta. In ka yi haka ni ka ci wa mutunci, don ni na kai ka.

Mai Situdiyo: Na yarda da duka, kuma duk waƙar da zan sa shi sai ya ji ta tukuna. Matsala ɗaya, ɗakina mutum uku yake ɗauka, ga zafi. Sai dai in ɗauko kayan in zo Tibiri mu yi a tsakar gida.

Hajiyar Mokoyo: In za ka je, ka biyo ta wurina tukuna. Akwai tsohuwa a unguwarmu da ta yi amada tun tana amarya, ƙoren nata na rataye a ɗaki. Amma ita namiji ba zai shiga ba, sai ka koya wa ɗalibar nan riƙe na'urar.

Ɗalibar Jami'a: Zan riƙe, Hajiya, in bayan jarrabawa ne.

Baba na Tibiri: To ka zo da hantsi kafin iska ta taso, kada ranar Laraba, kasuwa ce. Ka zo da goro, kuma maganar sallamarsu mu gama ta kafin a ɗaure ganga.